Sallah ta kusa: a koya wa yaranmu riƙon bindiga ko a nisanta su da ita?

Tsohon Soja, Aboabo (Kumashi, ƙasar Gana): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, yau zan ja rubutu. Jiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga samari uku a kan babur ɗaya. Na bayan yana riƙe da bindiga mai baki ɗaya, ya ɗora ta a kafaɗar na tsakiya, bakinta na kallon ƙeyar mai tuƙi, yatsarsa kuma tana kan kunama. Suna ta dariya. Kun dai san ramukan titinmu. Wallahi ban iya cin tuwon dare ba.

Masu sanina sun san ina son harbi tun ina yaro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka je yaƙin Bama, da ya dawo ya kama gadi da farauta. Ni kuma na yi shekara 22 a soja, kusan rabinsu ina koya wa kurata harbi, na je Labanan aikin kiyaye zaman lafiya. Har yau babu abin da yake kwantar mini da hankali kamar in tsaya gaban takardar auna, in saki numfashi rabi, in riƙe saura, in ja kunama a hankali har harbin ya fita ban san lokacin fitarsa ba. To shawara nake nema. Ina so in riƙa tara samarin zango ranar Asabar ina koya musu yadda ake zama da bindiga lafiya, daga baya in hukuma ta yarda mu yi wasan auna da bindigar iska. Me kuka gani?

Hajiya Mai Jinya, Asawase: Wa alaikumus salam Alhaji. Ina ganin girmanka, amma ban yarda ba ko kaɗan. Na yi shekara 28 ina aikin jinya. Na wanke hannun da bindigar toka ta fashe a cikinsa wajen jana'izar Tonawa, wato Asante, yatsu biyu kawai suka rage. Na karɓi yarinyar da aka harba a wajen biki, uwarta ta shigo da gyale ɗaya babu takalmi. Ka tuna babbar sallar 2021 a nan Aboabo, yaro ɗan shekara 16 ya fita kallon sallah harsashi ya same shi. Kai da bakinka ka ce kana son harbi. Abin da nake tsoro ke nan. Son ne za su fara ɗauka a wurinka kafin su ɗauki hankalin.

Ɗan Nima: Mma Hajiya ta faɗi gaskiya, amma Baba ma yana da hujja. Mu nan Ankara, babban birnin Gana, yanzu in ba a yi harbi a awure ba sai a ce ango talaka ne. Ana yi ana ɗaukar bidiyo ana sa wa a TikTok. Babu wanda ya koya musu, kuma bindigogin suna hannunsu.

Tsohon Soja, Aboabo: Hajiya, maganarki ta shige ni. Bari in ba ki labarin da ban cika bayarwa ba.

A 1972 ina da shekara 11, muna gidan haya a Yalwa. Baba yana ajiye bindigarsa a saman kwaba, naɗe cikin tsohon bargo. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya taɓa zai sha bulala. Bai taɓa nuna mana yadda ake buɗe ta ba, bai taɓa gaya mana me ke ciki ba. Wata rana ya dawo daga farauta wajen Ejura cikin dare, ruwa ya ba shi kashi, ya gaji, ya ajiye ta ya kwanta. Da safe ya fita, Inna ta tafi kasuwa. Na taka turmi na sauko da ita. A raina babu harsashi, domin kullum ina ganin yana cirewa. Ƙanwata tana tsugune tana wanke kwanuka kusa da randa. Na ɗana, na auna randar, na ja.

Har gobe ina jin ƙarar nan. Randar ta tarwatse, ruwa ya malale tsakar gida, ɓallin kasko ya tsaga mata kunci, ni kuma gindin bindigar ya jefar da ni ƙasa. Tsakanin kanta da inda harsashin ya wuce bai kai kamu biyu ba. Kunnenta na dama bai sake ji ba. Yanzu tana unguwar Madina a Ankara da jikokinta, in na kira ta sai na jira ta mayar da waya kunnen hagu.

Da Baba ya dawo na ɗauka ranar zan mutu. Bai taɓa ni ba. Mutumin da ya ga yaƙin Bama ya zauna a ƙasa cikin ruwan randar yana kuka. Washegari ya sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu, ya zaunar da mu duka har matan, ya karya bindigar ya ce kowa ya leƙa ta baya ya ga haske ya fito ta baki. Ya ce daga yau duk wanda aka miƙa wa bindiga, ko shi ne ya miƙa, ko ya rantse babu komai ciki, sai ya buɗe ya gani da idonsa. Bulalar da ya yi ta ambata shekara da shekaru ba ta hana ni hawa turmi ba, Hajiya. Wannan zaman na rabin awa shi ne ya riƙe ni shekara hamsin da wani abu.

Hajiya Mai Jinya, Asawase: Allah sarki. Allah ya ƙara mata lafiya. Amma Alhaji duba labarinka da kyau. Da akwatin nan yana nan tun farko, da ba ka kai ga bindigar ba ko an koya maka ko ba a koya maka ba. Kwaɗo ne ya yi aiki.

Tsohon Soja, Aboabo: Kwaɗon gidanmu ne kawai yake hannunmu. Yaro yana shiga gidan abokinsa, yana zuwa ƙauye hutu.

Malamin Islamiyya, Sawaba: Bismillah. Ku ba ni dama in sa baki. Harbi a kan kansa addini bai hana ba, har ma ya yaba. A Sahihu Muslim, Uƙbatu ɗan Amir ya ji Manzon Allah (SAW) a kan mumbari yana fassara ƙarfin da Alƙur'ani ya ce a tanada, ya ce ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. A Bukhari kuma ya wuce wasu mutanen Aslam suna gasar kibiya ya ƙarfafa musu gwiwa. Amma Annabin da ya faɗi haka shi ne ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Ya ce mai nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna la'antarsa har sai ya daina, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani. Kibiya ke nan fa, ina ga abin da yake tafiya fiye da kilomita? Saboda haka masu harbi a hanyar idi su daina jingina abin da addini. Ni a huɗubar Juma'a mai zuwa zan yi magana a kai in sha Allah.

Baƙo daga Kano: Ina bibiyarku daga nan Fagge. Mu a hawan sallah 'yan bindigar sarki suna harbi tun kaka da kakanni, albarushi ne zalla babu harsashi. Me zai hana ku tsara naku haka, a bar wa mutane al'adarsu?

Maharbi, Ejura: Ɗan'uwa na Kano, albarushi zalla ma yana ta'adi. Ni da bindigar toka na fara kafin in sayi mai baki biyu. Tsumman da ake danna albarushin da shi yana fita kamar dutse, a kusa yana fasa ido. Sannan masu harbin biki gasa suke yi ta wa za ta fi ƙara, sai su ninka awo, bututun kuma na maƙeri ne, wani ma tsohon bututun ruwa. Shi ne hannayen da Hajiya take wankewa. Wani kuma yana gama harbi zai sake ɗurawa daga gorar albarushi kai tsaye, alhali akwai sauran garwashi a ciki, gorar ta tashi a fuskarsa. Abin da ya fi cin mutane shi ne in ta ƙi tashi. Sai ka ga mutum ya juyo da bakin yana leƙawa. Wata wutar a hankali take ci. In ta ƙi, ka bar bakinta inda babu kowa ka ƙirga minti guda cur, ko fiye, kafin ka motsa. A ƙasar Dagomba, arewacin Gana, lokacin bukukuwan Damba da Bugum akwai masu wannan aiki na gado, suna da shugabanni masu tsawatarwa, duk da haka ana samun rauni. Mu a zango wa yake tsawatar wa wa?

Ɗan Nima: Baba Soja, tambaya. In an harba sama sosai fa, ba gefe ba? Abokaina suna cewa harsashin narkewa yake yi ko ya faɗo kamar tsakuwa.

Tsohon Soja, Aboabo: Ɗana, ba ya narkewa. Duk abin da ya hau sai ya sauko, kuma harsashin bindigar soja ko ƙaramar bindiga yana saukowa da ƙarfin da zai huda kwanon rufi ya huda kan mutum. Babu kuma mai iya harbawa sama tsaye cak, balle mai rawa da hannu ɗaya. Da ya ɗan karkata sai harsashin ya tafi a lanƙwashe da gudun da zai iya kisa. Ɗan ƙaramin harsashin nan na .22 da ake raina shi, a jikin kwalinsa an rubuta yana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ka tsaya a Aboabo ka zana wannan nisa a ranka, gidaje nawa ne a ciki, makarantun allo nawa? Mai harbin ba zai ma san ya kashe wani ba, ya koma ya ci naman sallarsa.

Ga kuma kunne. Ƙarar bindiga mai baki ɗaya tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙara, harbi guda yana iya lalata ji har abada. Ni kunnena na hagu yana ƙugi dare da rana, domin zamaninmu a fagen harbi wani lokaci auduga kawai muke cusawa. Amma za ka ga an harba kusa da mace mai goyo.

Tsohon Ɗan Sanda, Tafo: Oga, kafin a yi nisa a san inda doka ta tsaya. Dokokin makamai da muke aiki da su tsofaffi ne, ta 1962 da ta 1972, an yi musu gyara daga baya. Bindiga sai da rajista a wurin 'yan sanda, lasisin kuma na shekara guda ne, ana sabuntawa. Mutane da yawa sun yi rajista sau ɗaya tun zamanin mulkin Rawlings suna ganin shi ke nan. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a ara wa ƙane, ba a gadonsa kamar gona. In mahaifi ya rasu ya bar bindiga, a kai wa 'yan sanda a bi hanya. Akwai kuma hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda dokar 2007 ta kafa, wayar da kai yana cikin aikinta. Ministan cikin gida ma, Muntaka, ɗan majalisarmu ne na Asawase. Ka rubuta takarda ka kai wa kwamandan yanki da Sarkin Zango tun kafin ka tara ko yaro ɗaya. In ba haka ba za a ce kana horar da 'yan banga, kuma tun bayan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a 2019 akwai doka mai tsanani a kan wannan.

Hajiya Mai Jinya, Asawase: Yauwa, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Su wa ake ɗauka aikin tsaron fili a bayan Ankara? Su wa 'yan siyasa suke nema in zaɓe ya zo? Yaranmu ne. Tun zamanin Turawa da suka kafa rundunar da suka kira ta Hausawa, mu ake miƙa wa bindiga a tura gaba. In wani abu ya faru a Kumashi kafin a bincika an ce 'yan zango ne. Yanzu kuma da hannunmu za mu fitar da yaran da suka iya saiti, ba su da aikin yi? Wanda zai zo da sidi dubu biyu ya ɗauke su yana nan yana jira.

Tsohon Soja, Aboabo: Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi cikin duk abin da aka faɗa, kuma ba zan ce ina da amsarta duka ba. Abin da na gani dai shi ne, mai ɗaukar yara aikin banza ba gwani yake nema ba, mai zafin kai yake nema. Wasan da nake nufi kuwa mai zafin kai ba ya jure shi. Bindigar iska ta gasar Olamfik nisanta mita 10 ne, ƙwayar dalmar milimita 4.5, ɗigon tsakiya da ake nema faɗinsa rabin milimita, kamar ɗigon alƙalami. Harbi 60 za ka yi kana tsaye fiye da awa guda. In ka yi fushi da safe takardar za ta nuna. In ka sha wani abu za ta nuna. Bugun zuciyarka ma yana motsa bakin bindigar. A kurata na ga haka sau da yawa: mai cika baki a bariki shi ne yake watsa harsashi ko'ina, wani shiru-shiru da ba a kula da shi sai ya tara biyar wuri ɗaya.

Kuma wata uku na farko babu wanda zai taɓa abin da yake harbi. Da katako zan fara, wanda aka sassaƙa kamar bindiga. Yadda ake karɓa, yadda ake miƙawa, inda baki yake kallo in kana tafiya, in kana hawa mota, in kana tsallake rami. Yatsa a miƙe a gefe har sai ka yi niyyar harbi. Sanin abin da ke bayan abin da kake auna. Wanda ya juya katakon nan ya nuna wani, ko da wasa, ya tafi gida sai wani mako.

Ɗan Nima: Kamar mutumin Turkiyya nan da ya yi tashe, mai hannu a aljihu?

Tsohon Soja, Aboabo: Yusuf Dikeç. Ya ci azurfa a Faris a 2024 yana da shekara 51, shi da abokiyar gasarsa, a ƙaramar bindigar iska. Mutane hannun aljihun suka gani, ba su ga shekarun da ya yi yana tsayuwa gaban takarda ba. Abin da nake so a wasan ke nan, ba ya korar tsoho. Abdullah Al-Rashidi na Kuwait ya ci tagulla a Tokiyo yana da shekara 57.

Maman 'Yan Biyu, Moshie Zongo: Salamu alaikum iyayena. Ni ban iya muhawara ba, matsala ce da ni. Maigidana yana fatauci zuwa Tacciman da Tamale, yana da bindiga da takardarta. A ƙarƙashin katifa take, a ɗure, wai saboda ɓarayi. Yarana maza shekararsu tara. Rannan na shiga na tarar sun ɗaga katifar suna kallo. Na yi masa magana ya ce ai ya gargaɗe su. Tun da na karanta labarin randar nan jikina yake rawa. Me zan yi?

Tsohon Soja, Aboabo: 'Yata, kada ki taɓa ta da kanki tunda ba ki san ta ba. Ki kulle ɗakin yanzu, makulli a jikinki. In ya dawo ki ba shi wayar ya karanta abin da na rubuta, in ya yarda ni zan zo har gida mu zauna, ba faɗa ba, hira tsakanin masu bindiga. A cire harsashi, bindiga a akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri daban mai nasa kwaɗon. In irin mai gidan harsashi ce, ya sani cire gidan ba ya nufin ta zama fanko, ɗaya yana iya zama a ciki, kuma wannan ɗayan ya kashe ƙwararrun sojoji ma. Yaran kuma a gaya musu gaskiya: in sun ga bindiga a ko'ina kada su taɓa, su bar wurin, su kira babba. Yaran da suka riga suka ɗaga katifa sun wuce gargaɗi.

Hajiya Mai Jinya, Asawase: A nan kam bakinmu ɗaya. Yarinya, ki kulle ɗakin kafin ki sake rubuta komai.

Maman 'Yan Biyu, Moshie Zongo: Na kulle, Mma. Baba, in abin ya tabbata har mata za ku koya wa? Ni ma ina so in san yadda ake duba ta.

Tsohon Soja, Aboabo: Da ku zan fara ma, ku ne kuke wuni da ita a gida. Kuma kada ki ɗauka wasan na maza ne. A Basalona a 1992 wata 'yar Sin, Zhang Shan, ta doke maza ta ɗauki zinare a harbin faifan yumɓu.

Maharbi, Ejura: Oga, in ka fara ka ware mana rana mu ma. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, sai gyazbi, wanda Tonawa ke ce wa akrantie, shi ma da takarda. Lokacin muna da sarari. Abin da nake so ka ja wa mutanenmu kunne a kai shi ne harbin dare da fitilar goshi. Mutum ya ga abu ya yi ƙyalli a cikin rogo sai ya saki, ashe ɗan'uwansa ne ya tsuguna. Da tsallake rafi da bindiga a ɗane, da laka ta toshe baki ba a duba ba.

Mai Walda, Suame: Ni ban san harbi ba, ƙarfe na sani. In akwati ne matsala zan riƙa haɗawa a kuɗin ƙarfe kawai, ban da ladan hannu. A ba ni tsawon bindigar, zan sa masa kunnuwa ta baya a ɗaure shi da bango yadda ba mai ɗauka, da ƙaramin ɗaki na harsashi mai makullinsa daban.

Tsohon Soja, Aboabo: Allah ya saka da alheri. Gobe zan rubuta takardar, Tsohon Ɗan Sanda ka duba mini kafin in kai. Hajiya, ina roƙon ki zo zaman farko ki gaya musu abin da kika gani a asibiti. Daga bakinki zai fi shiga.

Hajiya Mai Jinya, Asawase: Zan zo in yi magana, amma ka sani ban sauka daga ra'ayina ba. Katako da akwati na yarda. Ranar da ka kawo bindigar iska za mu sake zama, kuma jikana ba zai zo ba. Mai Walda, akwatin farko na gidan ƙanena ne a Sawaba, tasa mai baki biyu ce, a bayan ƙofa take jingine tun rasuwar babanmu. Zan aiko yaro da awon gobe da safe. Ni zan biya, makullin kuma a hannuna zai zauna har a gama sallah.